Yoga da Faretin Makaranta: Rijiya Ɗaya, Daga Maisur Zuwa Bakori

A ranar 11 ga Disamba, 2014, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙudurin da Indiya ta gabatar, aka ware 21 ga Yuni na kowace shekara a matsayin ranar yoga ta duniya. Ƙasashe 177 ne suka mara wa ƙudurin baya, aka yi bikin farko a 2015. Tun daga nan hotunan mutane jere a kan tabarmi, wasu sun tanƙwashe ƙafa sun lumshe ido, wasu sun dafa ƙasa sun ɗaga ƙugu sama, suka cika Facebook da TikTok, har suka iso wayoyin samarin Bakori da Funtua da Malumfashi. Idan aka nuna irin wannan hoto a majalisa, sharhin da akan yi bai wuce biyu ba: ko a ce tsafin Indiyawa ne, ko a ce wasan masu kuɗi ne da ba su san zafin fartanya ba.

Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihi ya fi su faɗi. Dattijon da ya yi elementare a ƙasar Katsina zamanin En'e, ko magidancin da ya shiga firamare da shirin UPE na 1976, ya taɓa yin wani yanki na abin da ake nunawa a waɗannan hotuna. Ya tsaya a layi da sanyin safiya, malam ya busa usur, an ɗaga hannu sama, an buɗe su gefe, an sunkuya an taɓa yatsun ƙafa, an ja numfashi an sake. Wannan fareti da yogar zamani sun sha ruwa a rijiya ɗaya. Sanin yadda aka yi ɗaya ta zagaye duniya ɗayan kuma ya tsaya a ƙofar makaranta yana da amfani yanzu, domin jikin mutumin karkara ya soma shiga halin da kakanninsa ba su sani ba.

Asalinta zama ne da numfashi

Tsohon littafin da aka fi jingina yoga da shi shi ne Yoga Sutra na Patanjali, wanda masana ke ajiyewa wajen ƙarni na 4 zuwa na 5 na Miladiyya. Gajerun jimloli ne 195 ko 196, gwargwadon bugun da mutum ya samu. Ya kasa tafarkin gida takwas. Na farko kame kai daga cutar da wani, da ƙarya, da sata, da kwaɗayi. Na biyu tsafta da wadatar zuci da juriya. Na uku shi ne asana, wato yanayin da ake ajiye jiki. Na huɗu pranayama, sarrafa numfashi. Sauran huɗun duk aikin zuciya ne: janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, tsayar da tunani a wuri guda, zurfafa shi, har a kai ƙarshen da suke nema.

Abin lura shi ne, a wannan littafi asana zama ce kawai, zaman da mutum zai iya daɗewa a kai ba tare da ya takura ba. Babu tsayuwa a ka, babu tsalle. Manufar ma ba lafiyar jiki ba ce, neman tsira ce bisa aƙidun mutanen Indiya, Hindu da Buda da Jain. Saboda haka wanda ya ce tushen yoga addini ne bai yi ƙarya ba.

Daga baya aka sami reshen da ake kira hatha, wanda ya fi mai da hankali ga jiki. Shahararren littafinsa, Hatha Yoga Pradipika na Svatmarama, an rubuta shi a ƙarni na 15, kuma asana 15 kacal ya bayyana, tare da hanyoyi takwas na riƙe numfashi. Masu wannan aiki galibi masu gudun duniya ne, tsirara ko kusa da haka, jikinsu shafe da toka. Zuwa ƙarni na 19 Turawa da 'yan bokon Indiya kallon mabarata da masu rufa ido suke yi musu. Ko Swami Vivekananda, wanda ya yi jawabi a taron addinai na Shikago a 1893 kuma ya wallafa Raja Yoga a 1896, bai ɗauki murɗe-murɗen jiki da wata daraja ba. Shi tunani da numfashi ya sa a gaba.

Malaman Musulunci sun riga Turawa leƙawa

Tun kafin Bature ya san kalmar yoga, an riga an rubuta ta da Larabci. Abu Raihan Albiruni, mutumin Khawarizm da ya zauna a Gazna a farkon ƙarni na 11, ya koyi harshen Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen 1030 ya kammala babban littafinsa a kan Indiya. Ya yi aikin ne don Musulmi su san abin da maƙwabtansu suka yi imani da shi daga bakin littattafansu.

A ƙarni na 16 wani shehin ɗariƙar Shattariyya, Muhammad Ghauth na garin Gwaliyo, ya fitar da littafin Bahrul Hayat da Farisanci, inda ya bayyana zaman yogawa da dabarun numfashinsu. Wajen 1600 zuwa 1604 aka yi wa Yarima Salim, wanda ya zama Sarki Jahangir a 1605, kwafi mai hotuna 21 na waɗannan zama. Kwafin yana ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin, kuma ana lissafa shi a matsayin littafi mafi tsufa da ya zana asana ɗaya bayan ɗaya. Wato hotunan farko na darasin yoga a fadar sarakunan Musulmi aka zana su.

Labarin ya ƙetaro har Afirka. Shehu Muhammad bin Ali Assanusi, wanda ya rasu a Jagbub ta ƙasar Libiya a 1859, ya tattara bayanin ɗariƙu arba'in a littafinsa Assalsabilul Ma'in, kuma Farfesa Carl Ernst ya nuna cewa a ciki akwai sashen da ya yi maganar yogawa da ayyukansu. Zawiyoyin Sanusiyya kuwa sun kai har Kawar da ƙasar Chadi, kan hanyoyin da ayarin Sahara ke bi zuwa Damagaram da Kano. Abin da waɗannan malamai suka yi shi ne abin da mace ke yi da faifai: a sheƙe, a ɗauki tsaba, a bar ƙaiƙayi.

Likitancin Musulunci shi ma yana da nasa bayani. Ibnu Sina, a littafinsa Alƙanun, ya sa motsa jiki a gaban abinci da barci wajen kiyaye lafiya, kuma ya bayyana shi da cewa motsi ne na ganin dama da ke tilasta wa mutum yin numfashi mai zurfi a kai a kai. A nan gida, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar rubuce-rubuce da dama a kan magani. Kula da jiki ba baƙon fanni ba ne a zauren malamanmu.

Yadda faretin Turai ya shiga yoga

A 1813 wani mutumin Suwidin, Pehr Henrik Ling, ya kafa cibiyar koyar da motsa jiki a Stockholm. Tsarinsa ba ya buƙatar kayan aiki: a jera mutane, a ba da umarni, kowa ya motsa gaɓa ɗaya bayan ɗaya, daga wuya zuwa ƙafa, a haɗa da jan numfashi. Sojojin Turai da makarantunsu suka rungume shi saboda arha da sauƙin koyarwa. A shekarun 1920 wani ɗan Denmak, Niels Bukh, ya fito da salo mai sauri wanda ke haɗa miƙa da lanƙwasa ba tare da tsayawa ba.

Mulkin Ingila ya kai waɗannan tsare-tsare Indiya ta barikin soja da makarantu. A 1920 Ba'amurke Harry Crowe Buck ya buɗe kwalejin horar da malaman motsa jiki ta ƙungiyar YMCA a Madaras. A daidai lokacin matasan Indiya suna jin zafin gorin da Turawa ke yi musu cewa su ragwaye ne marasa ƙarfi, don haka gina jiki ya zama wani ɓangare na kishin ƙasa. Suka waiwayi abin da suke da shi. Akwai 'yan kokawarsu da atisayensu na gargajiya, dand da baitak, wato dafa ƙasa a yi sama da ƙasa da ƙirji, da tsugunne a tashi. Gwarzonsu Gama, Musulmi ne mai suna Ghulam Muhammad, ya je Landan a 1910 ya dawo da kambu, kuma an san shi da yin dubban waɗannan a kowace rana. Akwai kuma tsohuwar hatha da aka yi watsi da ita.

Daga haɗuwar waɗannan uku aka haifi yogar da muke gani. A 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonavla, inda ya riƙa auna masu yoga da na'urorin asibiti don ya nuna cewa abin yana da hujjar kimiyya. Sarkin wata ƙaramar masarauta mai suna Aundh ya yaɗa jerin motsin da ake kira surya namaskar, gaisuwar rana, ya wallafa littafi a kansa a ƙarshen shekarun 1920, kuma duk mai ido zai ga kamarsa da dand na 'yan kokawa. Sai kuma Krishnamacharya, wanda daga 1933 ya koyar a fadar Sarkin Maisur, galibin ɗalibansa yara maza masu jini a jika. Ya ɗinke motsi da motsi, kowane ɗaya da shaƙarsa ko fitarwarsa. Ɗalibansa ne suka kai abin duniya: Indra Devi ta buɗe makaranta a Hollywood a ƙarshen shekarun 1940, B.K.S. Iyengar kuma ya fitar da Light on Yoga a 1966 da asana wajen 200. Daga 15 zuwa 200, ka ga an yi ƙari mai yawa a hanya.

Masanin da ya fi bin diddigin wannan shi ne Mark Singleton, a littafinsa Yoga Body na 2010, inda ya jera hotunan Bukh da na yogar Maisur ya nuna kamanninsu. Masana na ta muhawara a kan yawan abin da aka aro da wanda aka gada, domin an sami tsofaffin rubuce-rubucen Indiya na ƙarni na 17 da 18 masu asana da yawa. Amma cewa yogar zamani ta girma ne a tsakiyar faretin soja da na makaranta, wannan ya tabbata.

Reshen da ya zo ƙasar Katsina

Ruwan da ya gangara Maisur shi ya gangaro nan. Ingila ta gina manhajar motsa jiki ta makarantunta ta 1909 a kan tsarin Suwidin, ta gyara ta a 1919 da 1933, kuma ta 1933 ɗin ta daɗe ana aiki da ita a makarantun Nijeriya har cikin shekarun 1950. Sau da yawa tsofaffin sojoji ne ke koyarwa, shi ya sa abin ya zo da muryar saje. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta ba wasanni muhimmanci ƙwarai. A can irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, kuma Sardauna ya riƙe wasan fayif, wanda ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, har ƙarshen rayuwarsa. Malaman da kwalejin da sauran makarantun horon malamai suka yaye su suka kai fareti elementare, daga nan ya gangaro firamaren kowane ƙauye.

To me ya sa bai yi saiwa ba? Dalili na farko, ya zo ne da usur da bulala, yaro kuwa ba ya kewar abin da aka tilasta masa. Na biyu, ba wanda ya yi tunanin haɗa shi da kokawa ko langa ya ba shi sunan gida, kamar yadda Indiyawa suka yi da nasu. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, ba a bukace shi ba. Yaron da ya yi tafiyar mil uku a ƙasa kafin ya iso makaranta, ya koma gida ya tarar da kiwo da yankan ciyawa suna jiransa, me ɗaga hannu na minti goma zai ƙara masa?

Ƙasar Bakori ƙasar noma ce mai laka da albarka, auduga da dawa da masara. Tun da kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a Funtua, jirgin ƙasa kuma ya ratsa garin a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa ta zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, ƙarfin ɗan Adam ne ke ciyar da injin da jirgin. Sharar gona, huɗa, shuka, noman firi, maimai, girbi, tsinkar auduga, ɗaukar dami a ka. A ranar gayya makaɗa na bin manoma da ganga, kowane sara na garma yana faɗawa a kan kiɗa, numfashi na bin sara. Wanda ya taɓa shiga gayya ya san cewa mai saurin haki ba ya kai ƙarshen kunya. Haɗa motsi da numfashi da Krishnamacharya ya tsara a fada, manomi ya san shi da jikinsa ko da bai ba shi suna ba.

Mata suna da nasu: sussuka, surfe, daka, niƙa a dutse, jan guga, tuƙin tuwon gida mai mutum ashirin. Da kaka samari su yi kokawa da dambe da langa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali. Zama ma a ƙasa ake yi, a kan tabarma ko buzu, a harɗe ko a tsugune, abin da ke hana gwiwa da ƙugu sandarewa. Lafiyar gaɓoɓi tana zuwa ne kyauta a cikin aiki, don haka ba a taɓa mayar da ita darasi ba.

Ranar da aiki ya soma barin jiki

A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Ya kawo takin zamani, da ingantaccen irin masara, da hanyoyin karkara. Bayansa sauran abubuwa suka biyo a hankali: injin niƙa a kowace unguwa, injin casa, famfon feshi da maganin ciyawa da ya rage noman hannu, garmar shanu da tarakta. Sai babur. Yau daga Tsiga zuwa Kabomo, daga Guga zuwa Kurami, tafiyar da ake yi a ƙasa da sanda a kafaɗa ta koma kan Boxer. Abin dariya shi ne kamfanin Bajaj mai ƙera wannan babur na Indiya ne. Ƙasar da ta aiko mana abin da ya hana mu tafiya ita ce kuma ke tallata mana yadda za mu motsa.

Ba wanda zai yi kukan rabuwa da dutsen niƙa, domin waɗannan abubuwa sun rage wahala ta gaske. Amma sun raba jama'a gida biyu. Akwai masu wuni a zaune: dillalin hatsi a kasuwar Bakori, tela, direba, mai POS, ma'aikacin ƙaramar hukuma, da matar gida wadda aikin ƙarfi ya ragu a hannunta kuma ba ta fita. Akwai kuma ƙananan manoma da 'yan ƙwadago da har yanzu suke wuni a sunkuye, su motsi bai yi musu kaɗan ba, sai dai motsi ne na gefe ɗaya da ke barin baya da ƙugu cikin ciwo. A kan wannan aka ƙara shinkafa da taliya da lemon kwalba, aka ƙara fargabar 'yan bindiga da ta hana mutanen kudancin Katsina da yawa barci mai nauyi da zuwa gonaki masu nisa.

Sakamakon yana bayyana a asibiti. Ƙiyasin masu bincike ya nuna kusan ɗaya cikin uku na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ya kamata. Ma'aunin da ta bayar shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka.

Abin da bincike ya tabbatar

Masu tallar yoga sukan cika baki, su ce tana maganin komai. Abin da aka gwada ya fi haka ƙanƙanta, amma yana da amfani. Nazarin Cochrane na 2017, wanda aka sabunta a 2022, ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan daɗaɗɗen ciwon baya, ya gano cewa yoga tana ɗan rage ciwon kuma tana ɗan sauƙaƙa motsi idan aka kwatanta da zama haka nan, amma ba ta nuna wani fifiko a kan sauran atisayen baya ba. Ma'ana, sirrin yana cikin motsin, ba cikin sunan ba.

Batun numfashi kuwa, baligi yakan yi 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ cewa maimaita addu'ar carbin Katolika ko kalmomin yoga yana saukar da numfashi zuwa wajen shida a minti, kuma a wannan mataki tsarin da ke daidaita bugun zuciya da hawan jini ya fi aiki da kyau. Kalmomin biyu daga addinai daban suke, sakamakon kuwa ɗaya, don haka jinkirin numfashin ne ya yi aikin. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da ciki, likitoci na kiranta vagus. Duk lokacin da mutum ya fitar da iska a hankali, wannan jijiya tana sassauta bugun zuciya. Bahaushe ya lura da haka tuntuni, shi ya sa yake kiran dogon numfashin da ke biyo bayan tashin hankali ajiyar zuciya.

Wanda ke son gwadawa ba ya buƙatar komai sai tabarma da minti goma sha biyar. Ya tsaya ya miƙa hannu sama yana shaƙa, ya sauke yana fitarwa. Ya durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, ya gantsare baya sannan ya ƙudundune shi, kamar kyanwar da ta tashi daga barci. Ya kwanta rub da ciki ya ɗaga ƙirji kaɗan kamar gamsheƙa, wannan ya dace da mai wuni a sunkuye domin yana mai da baya ɗaya gefen. Ya kwanta rigingine ya jawo gwiwa zuwa ƙirji. Ya tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, tamkar ɗan langa, don ƙarfafa tsayuwa. A ƙarshe ya zauna ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu, ciki na tasowa, ya fitar yana ƙirga shida, na minti biyar. Mai hawan jini ko hawan jinin ido ya guji tsayuwa a ka da riƙe numfashi, mai juna biyu ta tambayi ma'aikaciyar asibiti tukuna, kuma duk inda aka ji zafi mai tsini a tsaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbin ƙwayar hawan jini ko maganin asma. Ita ma tafiya da sauri tana nan a matsayinta, domin miƙa kaɗai ba ta sa zuciya aikin da take buƙata.

Ina matsayin addini?

Wannan tambaya ba mu muka fara yin ta ba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yoga saboda abin da ta gani na ibadar Hindu a ciki, sai firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya bayyana cewa ana iya yin motsin muddin babu karanta kalmomin bauta. A Janairun 2009 majalisar malaman Indunusiya ta raba abin: wanda ya ƙunshi ibada da kiran sunayen alloli ta hana, wanda motsa jiki ne zalla ta bari. A 2017 Saudiyya ta sa koyar da yoga cikin harkokin wasanni da ake ba lasisi. Hukunci na malamai ne, kuma mai shakka ya tambayi malaminsa. Abin da tarihi ya ƙara a maganar shi ne cewa rabuwar nan tsakanin motsi da bauta ba dabarar kauce wa fatawa ba ce, yadda aka gina abin ke nan tun farko, bulo na addini daban, bulo na fareti daban. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da gaisuwar rana ba yana da cikakken dalili, kuma barinta ba zai rage masa komai na lafiya ba.

Wasu sukan ce salla ta wadatar, tunda akwai tsayuwa da ruku'u da sujada. Lallai mai salla biyar yana lanƙwasa gaɓoɓin da wani ba ya lanƙwasawa, mai takawa zuwa masallaci kuma ya ƙara samu. Sai dai salla ibada ce da ake yi cikin natsuwa, ba a shar'anta ta don a yi gumi ba, kuma kakanninmu da suka tsare ta sun haɗa ta da noma da tafiyar ƙasa.

Abin da ya rage mana

Mun taɓa nuna cewa za mu iya ɗaga abin gida. Jamhuriyar Nijar ta soma gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma har yau takobin da ake ba zakara yana tsayar da ƙasar cak a gaban rediyo da talabijin. A Nijeriya kokawa da dambe da langa sun shiga bikin wasanni na ƙasa. Amma waɗannan duka na samari ne masu neman kambu. Ba su amsa buƙatar dattijo mai shekara sittin da gwiwa ke damu ba, balle ta matar aure da ba za ta fita gudu a kan titin Funtua ba. Su ne suka fi buƙatar abin da za a yi a tsakar ɗaki, a kan tabarma, ba kuɗi ba kallo.

Abin da mutanen Maisur da Lonavla suka yi shekara ɗari da suka wuce aiki ne na tsari. Sun tattara abin da 'yan kokawarsu ke yi, da abin da tsofaffin littattafansu suka ce, da abin da baƙo ya kawo, suka jera shi, suka ba kowane motsi suna da harshensu, suka koya wa yara da manya su yi kullum. Kayan haɗin nan duk muna da su. Malaman motsa jiki na makarantunmu, da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ke ganin masu hawan jini kowace rana, da malaman Islamiyyar matan aure, da gidajen rediyo, za su iya zama su fitar da jerin motsi goma masu sunan Hausa, likita ya duba, malami ya duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka firamare ce wurin farawa, wannan karon ba da bulala ba. Manya kuma kada su ce lokaci ya wuce, Hausawa sun ce motsi ya fi laɓewa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.